Sawun da Nicanor Ya Share

Ranar Alhamis, bayan an tashi daga barcin rana, aka iske an yanke wa Carrao wutsiya. Izgar nan baƙa wuluk mai jan ƙasa, wadda mutane ke tsayawa a hanya su kalla, an datse ta daidai ƙarshen ƙashi, an bar dokin da ɗan dungu yana ta kaɗawa, ƙudaje ko a jikinsu. Saura kwana uku a yi gasar kayar da bijimai ta shekara, kuma a wajenmu gara namiji ya shiga fili ba wando da ya shiga a kan doki mai guntun bindi.

Don Plutarco Barragán, mai gidan gonar El Merecure kuma mai dokin, ya yi ihun da sai da kaji suka watse. Ya riga ya cika baki a gari cewa surukinsa Wilmer, mai sayar da babura a Yopal, shi zai hau Carrao ranar Lahadi. Kafin kofi ya tafasa, rabin ƙauyen Mata de Limón ya hallara a bakin shinge, kowa da wanda yake zargi. Wasu suka ce Saúl Unda ne, wanda dokinsa ke zuwa na biyu shekara uku a jere. Wasu suka ce ai ɗan gari ba zai iya wannan ba, aikin baƙo ne. Da aka ce baƙo kuwa sai idanu suka koma baranda, inda Abelardo Tovar, makaɗin garayar da aka sauke a gidan saboda bikin, yake zaune a ragar kwanansa yana hamma.

Aka aika a kira Nicanor Gualdrón, mai bin sawu. Shekara arba'in yana karanta ƙasa, ba a taɓa jin ya nuna mutum ya zama ba shi ba ne. In ya ce saniyarka ta bi ta nan jiya da hantsi tana ɗingishi, to ka je ka ɗauko igiya kawai. Ya zo tare da matarsa Herminia, mai ɗaukar hoton gari, rataye da sabuwar kyamara mai dogon baki da 'yarsu ta aiko mata daga Bogotá. Don Plutarco na son hoton ɓarnar don ya nuna wa ɗan sandan da zai zo ranar Asabar.

Sai dai akwai abin da ya kamata a sani game da Nicanor a wannan makon: kishi ke cin sa, har wandonsa ya fara yi masa yawa. Abelardon nan shi ya fara neman Herminia tun suna samari, kafin ya tsallaka Venezuela da garayarsa ya share shekara talatin da huɗu. Wata guda ke nan da dawowarsa, gashi a rine, takalma farare masu tsini, farata zaƙo-zaƙo irin na makaɗa. Ranar Lahadin da ta wuce ya yi kiɗa a dandali, Herminia ta ɗauke shi hoto sau arba'in da ɗaya. Nicanor ne ya ƙirga, yana tsaye a gindin mangwaro, giyarsa ta yi ɗumi a hannu bai sani ba.

"Kowa ya ja baya," in ji shi, ya sunkuya.

Ƙasa ta ba shi labari tiryan-tiryan. Takalmi mai tsini ya taso daga baranda, ya bi ta bayan ɗakin gishiri, ya tsaya a ƙofar shinge, ya koma. Amma mai takalmin yana tafiya a takure, kamar wanda takalmin ke cizo. A gindin ginshiƙin ƙofa kuma ga shatar takalman biyu a jere, ba nauyi a kansu, wato ajiye su aka yi. Taki ɗaya cikin shingen, inda ruwan kwamin shayar da dawaki ya jiƙa ƙasa, ga sawun ƙafa biyu ba takalmi, babban yatsa a ware can gefe.

Duk wanda ya tashi a nan ya san wannan yatsa. Mahayanmu ba sa zura ƙafa cikin likkafa, da babban yatsa suke maƙale ta, har yatsan ya buɗe ya ƙi komawa. Kuma ba mahayin da zai tunkari doki da takalmi, ƙafarsa ce za ta tuɓe su tun kansa bai yi tunani ba. Wani ne ya ɗauki takalman Abelardo yana barci don a bi sawunsu, ya zo ƙofa, sabo ya sa ya cire. Shi kuwa Abelardo ko jaki bai taɓa hawa ba.

Duk wannan Nicanor ya gane shi cikin ƙiftawar ido. A daidai lokacin ya ji matarsa daga gefe tana cewa, "Don Plutarco, ɗan ɗaga dungun sama." Sai muryar Abelardo daga baranda: "Minia, in kin gama da dokin, ga wani tsohon jaki nan yana jiran hoto!" Ta yi dariya. Minia! Sunan da Nicanor ya ɗauka duk duniya shi kaɗai ke kiranta da shi.

Bai bar idonsa ya karanta sawun ya san mai shi ba. Ya ɗaga kai sama kamar mai duba hadari, ya ja ƙafarsa a kan na farko, ya ja a kan na biyu.

"Me ka gani?" in ji Don Plutarco.

"Takalmi mai tsini. Daga baranda ya taso, can ya koma."

Ai ba ƙarya ya yi ba, haka ya gaya wa kansa. Mutum ɗaya ne mai irin takalmin nan daga nan har bakin kogi, jama'a kuwa ba su jira a faɗa musu sunansa ba.

"Ka ƙarasa aikinka," in ji Don Plutarco, yana huci. "Ka ji ta bakin kowa, kada a ce na zalunci baƙo. Ranar Asabar ka faɗi suna a gaban ɗan sanda. Kai kuma makaɗi, ko bakin ƙofa kada in ji an gan ka."

*

Nicanor ya fara da Abelardo, tun da haka ake sa ran ya yi.

"Ina kake da tsakar rana?"

"Inda duk mai hankali yake, Nica. Cikin raga, baki buɗe."

"Takalmanka fa?"

"A ƙarƙashina na bar su, a ƙarƙashina na same su. Sai dai sun kwaso taɓo, na hagun kuma ya buɗe kamar an dafa rogo a ciki. Duba ka gani."

Nicanor bai duba ba.

"Haba ɗan uwa, ka san ni tun muna yawo ba riga. Ni da doki? Ka manta ranar da goɗiyar babanka ta kore ni har cikin coci, na ɓuya a bayan limamin cocin?"

"Mutum na canzawa a shekara talatin da huɗu."

"Wasu dai. Kai kam har yau fuskarka kamar an ɗura maka maganin tsutsa. Ban san yadda Minia ta jure ba."

"Doña Herminia."

"Doña Herminia," in ji Abelardo, yana murmushi har da ɗan sunkuyar da kai.

Murmushin nan ne ya kashe ɗan guntun tausayin da ya fara tsiro wa Nicanor. Ya koma gida ya ci tuwon masararsa da nama har da neman ƙari, abin da ya yi kwana goma bai yi ba.

*

Amma ido mai shekara arba'in yana aiki ba ya karɓar hutu don mai shi ya ce. Washegari Juma'a Nicanor ya tashi da tambayar tana yi masa ƙaiƙayi: ƙafar wa ya share? Ya gaya wa kansa don dai ya sani ne, ba don ya faɗa ba. Ya ɗaura wa alfadarinsa sirdi ya nufi gonar Saúl Unda.

Ya same shi a gindin bishiya yana tufka igiyar gashin doki, gashi tuli a gabansa.

"Ga mai bin sawu, ga gashi, ga ɓarawo!" in ji Saúl, yana ƙyalƙyala dariya. "Zauna a kawo maka kofi kafin ka ɗaure ni."

Nicanor ya zari sili ɗaya ya miƙar. Ja ne, kuma bai fi tsawon tafin hannu biyu ba. Gezar goɗiyoyi ce, ba izga ba. Na Carrao baƙi ne, sili ɗaya ya fi hannun mutum tsawo.

"Ka gani ko?" in ji Saúl. "Ni so nake in kayar da Plutarco a fili, doki da doki, gaban jama'a. Yanzu ko na ci za a ce don Carrao ba ya nan ne. Wanda ya yi wannan ni ya cuta." Ya murza igiya a cinya. "Amma in tambaye ka, Don Nicanor. Dokin da ya karya wa likitan dabbobi haƙarƙari bara, shi ne ya tsaya tsit makaɗi ya zagaya bayansa da wuƙa? Ko kiɗa ya yi masa ya yi barci?"

"Ni ƙasa nake karantawa, ba zuciyar doki ba."

"To Allah ya sa ƙasar ba ta fara tsufa ba."

Nicanor ya bar kofin rabi, abin da ba a yi a gidan mutum.

*

Daga nan ya koma El Merecure wajen Evaristo Cuevas, mai horar da dawakin gidan. Ya same shi a barga yana taje wa Carrao geza a hankali, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Da ya zagayo don su gaisa, sai ga shi yana ɗingishi, dunduniyar hagu ɗaure da tsumma.

"Me ya same ka?"

"Kifin nan mai ƙaya a wutsiya. Na taka shi a mashigi makon jiya, kwana biyu ina kuka kamar jariri."

"Jiya da rana kana ina?"

"Bakin rafi, ina duba maruƙa." Ya shafa wuyan dokin. "Ni na karɓi haihuwarsa, Don Nicanor. Uwar ta mutu a wurin, da kwalba na shayar da shi. Shekara shida ba wanda ya ɗora masa sirdi sai ni."

"Ranar Lahadi kuma Wilmer ne zai hau."

Evaristo ya tofar da yawu. "Haka maigida ya ce. Mutumin da ke zama a kan doki kamar buhun shinkafa. Ranar Talata ya gwada, ya sauko ya yi amai a bayan kwami. In ni ne kai, shi zan tambaya. Mai tsoro ba abin da ba zai yi ba don kada a ga tsoronsa."

Maganar ta hau, sai dai Nicanor ya san ƙafar Wilmer: fara ce sumul, yatsu a jere, ba ta taɓa sanin likkafa ba. Masu wararren yatsa kuwa a gidan nan su goma sha ɗaya ne, ban da maƙwabta. Zai iya zargin wanda ya ga dama, amma shaidar da za ta raba gardama shi da kansa ya goge ta da ƙafarsa.

*

Da yamma liƙis, yana hanyar komawa gida, ya ji mata suna kururuwa a wajen baranda. Ya juya alfadari.

Ma'aikata uku ne suka sha suka yi tatul, suka ce ba sai Asabar ba, wanda ya yanke a yanke masa. Suka danne Abelardo, suka ɗauko almakashin gyaran kofato, suka bi faratansa goma ɗaya bayan ɗaya, har cikin tsoka. Garayarmu mai tsarkiya talatin da biyu da farce ake kaɗa ta, ba da yatsa ba, kuma sun san haka sarai.

Nicanor ya iske shi zaune a ƙasa, hannaye a kan cinya, jini na ɗiga a kan farin wandonsa. Babu murmushi yau.

"Nica," ya ce, "da ƙafa suka karya mini, da na gode musu."

Gaskiya ba ta da daɗi amma sai an faɗe ta: abin da ya fara zuwa wa Nicanor daɗi ne. Ranar Lahadi babu kiɗa, babu hoto arba'in da ɗaya. Daɗin bai kai numfashi biyu ba ya gushe. Herminia ta riga ta iso, ta durƙusa tana yaga gyalenta tana naɗe yatsun ɗaya-ɗaya. Ta ɗago ta ce, "Tsoho, riƙe mini hannun nan." Ya riƙe. Bai saki hannun ba har aka gama.

*

Da daddare, bayan sun koma gida, Herminia ta kira shi ɗakin aikinta. Kwamfutarta na buɗe a kan tebur.

"Zo ka gani."

Hoton jiya ne. Ga Don Plutarco fuska jajur, riƙe da dungun wutsiya, kowane sili ya fito tar. Bayansu kuwa komai dishi-dishi, sai wata inuwa a wajen ƙofar shinge.

"Ka sha ce mini wannan kyamarar kayan wasa ce," in ji ta. "To saurara. Tsohuwar tawa wuri ɗaya take zaɓa ta fito da shi, abin da ke gaba ko baya ya tafi ke nan har abada. Wannan ba ta zaɓe. A bayan babban idonta akwai ƙananan idanu dubbai, kowanne yana riƙe hasken da ya shigo, da kuma hanyar da ya biyo. Sai na dawo gida nake gaya mata inda nake son gani."

"Wato sawun haske take bi," in ji shi.

"Ƙwarai. Kuma ita ba ta sharewa."

Ta taɓa inuwar. Don Plutarco ya narke ya koma hayaƙi, ƙofar shinge ta matso ta fito fes. Ga Nicanor Gualdrón, hularsa, gashin bakinsa, kai a sama yana duba hadarin da babu. Ƙafarsa ta dama tana tsakiyar jan ƙasa, rabin sawu ya tafi. Kusa da ita kuma ga sawu na biyu, lafiyayye, bai kai gare shi ba tukuna.

Kunya ta rufe shi, amma idon nan nasa marar kunya sai da ya matsa. Ta ƙara girman wurin. Ƙafar hagu ce, babban yatsa a ware, a dunduniya kuma ga shatar tsumma ta gitta, har da ƙullin a gefe.

"Evaristo," ya ce a hankali. Sannan, "Tun yaushe kika gani?"

"Yanzun nan, bayan na wanke jinin hannuna. Na ce bari in duba ƙasar da kaina, tun da mijina bai taɓa kuskure ba amma zuciyata ta ƙi yarda. Da jiya na duba, da mutumin nan yana da faratansa."

"Ki yanke hoton, Minia. Ki bar sawun kaɗai."

"Zan iya, ba ya ɗaukar minti guda. Amma duk abin da ke nisa ɗaya tare yake fitowa, kai kuwa a kan sawun kake tsaye. In na yanke ka, ni ma na share ke nan. Ba zan yanke ba, ba kuma zan kai ka gaban jama'a da hannuna ba. Ga ta nan. Kai ka san abin da za ka yi."

A nan ne abin da ya yi wata guda yana haɗiyewa ya fashe.

"Saboda shi ne ko? Sau arba'in da ɗaya kika ɗauke shi ranar Lahadi!"

"Au, har ƙirgawa ka yi?"

"Na ƙirga! Da tsohuwar kyamara ce da ko ba komai na san wanda kike kallo. Wannan kuwa sai ki kalli wanda kike so, ki dawo gida ki ce ganga kike ɗauka!"

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, abin da ya fi fushi ciwo.

"Aikina ne ɗaukar makaɗa, tsoho, ko da biri ne ke kiɗan. Shi ya ce in bi shi Venezuela, na ce a'a, na zauna na auri mutumin da ba ya ƙarya. Shekara talatin da huɗu ban taɓa cewa da na sani ba. Yau na faɗa, sau ɗaya, a zuciyata, ina naɗe masa yatsu."

Ta fita ta bar shi da hoton.

*

Asabar da hantsi baranda ta cika maƙil. Ɗan sanda ya zo a kan babur, ya zauna da littafinsa a cinya. Don Plutarco na tsakiya, Wilmer a gefensa, Saúl ya jingina da ginshiƙi, Evaristo na can baya. Abelardo na zaune a benci, hannaye biyu naɗe kamar ƙullin kaya. Herminia ta tsaya nesa, hannu a harɗe.

Nicanor ya iso da kwamfutar a hammata. Ya sa aka kwara bokitin ruwa biyu a tsakar gida.

"Kowa ya tuɓe takalmi ya taka. Saúl, Wilmer, Evaristo, makaɗi."

"Ni ma?" in ji Wilmer.

"Har kai, ranka ya daɗe. Ƙasa ba ta cizo."

Aka yi dariya, suka taka. Nicanor ya ajiye kwamfutar a kan tebur ya buɗe hoton. Jama'a suka matso.

"Takalman makaɗi ne suka je ƙofar shinge, wannan gaskiya ne," ya ce. "Amma ba ƙafarsa ce a ciki ba. Mai ƙafar mahayi ne, da ya isa gaban doki ya tuɓe su, kamar yadda kowannenmu zai yi. Ya bar sawu biyu a bakin kwami."

"Ina sawun?" in ji Don Plutarco. "Ranar Alhamis ba ka ce haka ba."

Yatsan Nicanor ya tsaya a iska. Ya san sunan da ya shekara arba'in yana tarawa, taɓawa ɗaya ce tsakaninsa da rushewa. Ya kalli hannayen Abelardo, ya taɓa.

Hoton ya juye. Ga mutum tsaye a kan sawu, fes.

"Wannan sawun hagu ne," in ji Nicanor, muryarsa daidai kamar kullum. "Ku dubi dunduniya, ku dubi shatar tsumma da ƙulli. Yanzu ku juya ku dubi tsakar gida, sawu na uku." Kawuna suka juya, suka dawo. "Wannan kuma da ke tsaye a kai ni ne. Na ga sawun, na san ba na makaɗi ba ne, na share."

"Don me?" in ji Don Plutarco.

"Kishi."

Wani ya fara dariya a baya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

Evaristo bai gudu ba. Ya ɗingisa zuwa ɗakinsa, ya dawo da izgar a hannu biyu, an taje ta, an kitse ta tsaf, an ɗaure bakin da jan zare. Ya ajiye ta a gaban Don Plutarco.

"Shekara shida, maigida," ya ce. "Ka ɗauke shi ka ba wanda bai san ko sunan uwarsa ba. Na ce gara in gan shi ba wutsiya da in gan shi a ƙarƙashin wani. Ya tsaya mini tsit ina yanka, har yana shinshina mini kafaɗa." Ya goge ido da bayan hannu. "Makaɗin kuwa na ɗauka baƙo ne, kora kawai za a yi. Ban san za a kai nan ba."

Kowa ya zage shi ban da Nicanor. Shi kaɗai a barandar ya fahimci kowace kalma, kuma ya tsani kansa da fahimtar.

Ɗan sanda ya tashi da mutum huɗu, Evaristo da masu almakashi. Don Plutarco ya juya wajen Nicanor, bai ko ɗaga murya ba.

"Ko kazata ce ta ɓata, ba zan sake kiranka ba. Kuma ba ni kaɗai ba."

Nicanor ya dubi fuskokin mutanen da ya mayar wa shanu, da waɗanda ya ɗaure wa 'yan uwa da kalma ɗaya. Ya ga kowa ya fara lissafin baya a zuciyarsa, yana tambayar ko a nasa ma an share wani abu.

*

Da aka watse, Herminia ta tsaya gaban Abelardo.

"Wa zai ba ka abinci a baki? Wa zai ɓalle maka maɓalli?"

"Zan koya da haƙori, Doña Herminia."

"Ba za ka koya ba. Ɗakin 'yarmu na nan ba kowa. Za ka zauna a gidanmu har faratanka su tsiro." Ta juyo. "Ko da magana, tsoho?"

 Da kyar Nicanor ya ce, "Farce wata nawa yake yi?"

"Shida," in ji Abelardo. "In da tsufa, takwas. Yi haƙuri, Nica."

Garayar ta fi ƙarfin sirdin alfadari, dole a baya ake goyon ta. Nicanor ya ɗaure ta da igiya ya saɓa. Herminia da Abelardo suka yi gaba, ita riƙe da jakarsa, shi hannaye a sama kamar mai addu'a. Kafin a kai mashigi sun sha kwana sun ɓace masa, don kayan na da nauyi, kuma duk takin da ya yi sai tsarkiyoyin sun yi masa gunaguni a kunne.

Nauyin ya sunkuyar da kansa ƙasa, ƙasa kuwa ba ta san an kore shi daga aiki ba. Ga takalmi mai tsini, ga silifan matarsa, tsakaninsu kamar kamu ɗaya. Ta rage tsawon takinta ya yi daidai da na makaɗin, wannan ya gani, ya ji shi har cikin haƙori. Sannan ya ga wani abu. Duk bayan taki ashirin ko talatin sai silifan su tsaya, su juya gefe, dunduniya ta nutse kaɗan. Tsayawa take tana waiwaye.

Ya tsaya a kan sawun, gumi na zuba masa a ido. Ya san ƙarfe nawa ta tsaya, ya san daƙiƙa nawa ta yi, ya san a kan wace ƙafa ta dogara. Abin da ƙasa ba ta faɗa masa ba shi ne, shi take waiwayowa ta gani, ko garayar.

Ya gyara igiya a kafaɗa, ya bi su.